Bawul Biyu na Mahaifin Lauya

A ƙarshen layin masu gyaran waya, bayan rumfar mai yanka makulli, akwai wata ƙofa da ba ta da allo. A cikinta Mai Kunne ya yi shekara talatin da bakwai yana gyaran kayan da kowa ya ce zamaninsu ya wuce, wato rediyo da amfilifaya, na'urar ƙara sauti, irin na da, masu aiki da bawul. Bawul ɗin nan wata 'yar kwalbar gilas ce mai tsawon babban yatsa, da ƙafafu tara na ƙarfe a gindinta da 'yan faranti a ciki. In aka kunna na'ura sai ta yi ja a hankali kamar garwashi, sauti ya bi ta cikinta ya fito da ƙarfi.

Tun yana saurayi ya samo sunan, a ɗakin majigin wani gidan silima. Wata rana ya ce wa maigidansa bawul ta hagu ba za ta kai mako ba. Aka yi masa dariya. Ranar Laraba ana tsakiyar fim ta mutu, jama'a suka yi ta jifan allo da ɓawon lemo. Daga nan ba a ƙara yi masa musu ba, kuma a gaskiya wannan bai yi wa halinsa amfani ba.

Da aka rufe silimar, sabbin na'urori marasa bawul suka cika kasuwa, abokan sana'arsa duk suka bi zamani. Shi kuwa ya dinga bin ɗakunan ajiya yana kwaso bawul ɗin da ake zubarwa, har matarsa, Allah ya jiƙanta, ta ce saura ƙarƙashin gadonsu kawai bai cika ba. Sai ga shi bayan shekaru masu hali sun dawo neman sautin da. Su kawo amfilifaya mai nauyin buhun siminti, su zauna a kujerar da ya kafa tsakanin lasifika biyu, a yi ta cire wannan bawul ana sa waccan. Lambarsu ɗaya, aikinsu ɗaya, amma masana'antun da suka ƙera su daban, kuma a nan gardamar take. Mai Kunne zai ɗaga bawul ya duba rubutun jikinta, ya gyaɗa kai, ya dasa ta, ya rufe ido, sannan ya yanke hukunci. "Wannan da hanci take magana." Ko kuwa, "Ka ji wannan? Kamar mawaƙiyar ta matso kusa da kai." Kullum rubutu yake fara dubawa kafin ya saurara, kuma ba wanda ya taɓa lura da haka, har shi kansa.

Ranar wata Talata Lauya ya shigo, mutumin da ko gaisuwa sai ya nemi hujjarta. Ya buɗe hankici a kan tebur, ga bawul biyu, rubutunsu fari ya fara dusashewa.

"Na mahaifina ne, Malam. Daga amfilifayarsa na ciro su. Ba musaya nake so ba, masu kama da su za ka nemo mini, don ranar da za su mutu. Asabar zan dawo in karɓi kayana."

Mai Kunne ya ce an gama. Kashegari ya jera su a faranti tare da guda goma nasa masu lamba ɗaya, don ya gwada. Dalma ta ƙare masa, ya fita saya.

A daidai lokacin 'yarsa ta kawo masa abincin rana. Nas ce a asibiti, kuma tun rasuwar uwarta take yaƙi da ƙurar shagon nan ba ta ci nasara ba. Ta ga kwalabe goma sha biyu duk shatin yatsu. Ta buɗe jaka ta ciro auduga da sifirit. Ita ba ta san rubutun tsofaffin bawul kamar alli yake ba, ko da yatsa aka goga sai ya tafi. Da ya dawo ya tarar da su suna walƙiya, an jera su uku-uku, ko ɗigon rubutu babu.

Ya nemi kujera ya zauna, dalmar na hannunsa.

"Uwata, me kika yi?"

"Wanke su na yi, Baba. Ba ka ga yadda suka yi kyau ba?"

Da ya bayyana mata, sai ta riƙe baki, idonta ya kawo ruwa. Can ta ce a hankali, "To ai kai da kunne kake gane su, ko ba haka ba?"

Ba da wata manufa ta faɗa ba, amma maganar ta tsaya masa a rai. Ya yi ta maza ya ce ai wannan ƙaramin aiki ne.

Ya fara da ido. Ya ɗauko gilashin ƙara girma ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Huɗu farantansu na ciki gajeru ne, na Lauya kuwa dogaye, ya ware huɗun gefe. Biyu suna da tambarin da aka sassaƙa a gilas, wanda sifirit bai iya gogewa ba, ya san nasa ne. Saura shida, kamar uwa ɗaya ta haife su. Ya sa su a mita, mita ta ce duk lafiyarsu ƙalau, don ita ƙarfi take aunawa, ba ta san asali ba.

Sai aka koma ga kunne. Nas ta ɗauki hutun kwana biyu, ta ce ita ta yi ɓarnar, ita za ta yi aikin. Ya koya mata a kashe na'ura, a jira gilas ya huce, a riƙe ta gindi a girgiza kaɗan a zare, a saita ƙafafu a dasa wata, a kunna a jira ta ɗauki zafi. Ta ɗaura wa kowace zare mai launi daban, ta lissafa ta ce shida in za a haɗa su biyu-biyu, hanya goma sha biyar ce. Ya juya wa na'urar baya, suka sa faifai ɗaya, wata mace tana waƙa da kiɗa mai taushi.

Abin mamaki, kafin azahar tsoron ya fara sakinsa, son sani ya maye gurbinsa. Bai taɓa sauraron bawul ba tare da ya san sunanta ba. Ja da shuɗi da ya yaba da safe, bayan ya ci abinci sai ya ji sun yi kaifi. In mai yanka makulli ya kashe injinsa, duk sai su ƙara daɗi. Ya gano in ya jingina da kujera ganga tana ƙara nauyi, in ya sunkuyo sai ta ragu. Ya yi ta sunkuyawa yana jingina kamar wanda ya samu sabon wasa, yana cewa, "Ikon Allah! Sake, Uwata, sake."

Ranar Juma'a da hantsi ta sa wasu biyu, ya saurara, ya ce ba laifi. Ta kashe, aka jira, ya ji motsinta a bayansa, ta kunna. Ya miƙe zaune.

"Yauwa! Ga su nan. Kin ji yadda muryar ta buɗe? Waɗancan na baya ai a cikin tulu take waƙa."

Ya waiwayo ya ga ta sunkuyar da kai.

"Baba, ban canja komai ba. Zafi suka yi mini, na bar su."

Ya daɗe yana kallon 'yan wutar nan biyu. Kunya ta rufe shi, ba don 'yarsa ba, don duk mutanen da suka zauna a kujerar nan suna gyaɗa masa kai. Amma ko a cikin kunyar yana ta tambayar kansa, to me ya ji? Don wallahi ya ji wani abu.

Hanya mai sauƙi tana nan, kuma ya gan ta sarai. Ya ɗauki kowaɗanne biyu ya naɗe a hankici, ya ce ƙura ya goge. Maganar Mai Kunne ce, wa zai ja? Har ya naɗe su sau ɗaya, ya sake kwancewa.

Asabar Lauya ya zo da kwat ɗinsa. Mai Kunne ya ajiye shidan a gabansa ya faɗa masa komai, sai dai ya ce laifinsa ne da ya bar su a buɗe. Fuskar Lauya ta canja, amma bai ɗaga murya ba.

"Shekara goma sha ɗaya ina jin su kowace safiya. Sa su, ni zan gane."

Aka yi ta sawa ana cirewa. A karo na bakwai, kore da rawaya, ya ɗaga hannu. Idonsa a rufe.

"Haka falon mahaifina yake. Su ne, Malam, ko?"

Kalma ɗaya za ta sallame shi ya tafi da farin ciki, sunan Mai Kunne kuma ya tsira. Nas tana tsaye a bakin ƙofa tana kallon mahaifinta.

"Ban sani ba, ranka ya daɗe. Jiya an sa mini abu ɗaya sau biyu na rantse daban ne. Ka tafi da duk shidan. Na mahaifinka suna cikinsu, wannan kaɗai zan iya tsaya maka a kai."

Lauya ya buɗe ido ya dubi farantin. Ya ɗauki ɗaya daga huɗun da ba a dasa a na'ura ba ya juya ta a haske, ya ajiye, ya ɗauki wata. Hawaye ya zubo masa bai share ba.

"Ke nan ni ma ba lalle ne na gane su ba."

Lauya ya tuɓe kwat ɗinsa ya rataye a ƙusa, ya gyara zama a kujerar, ya juya wa na'urar baya.

"'Yata, sake sa mini daga farko. Kada ki faɗa mini launin."