Abin da Malam Ke Saye Ran Talata

Shekara huɗu na yi ina kashiya a wani babban kanti da ke bakin titin Kano zuwa Katsina, a nan Kankia. Aikin ba wuya: a ajiye kaya gabanki, ki haska zanen da ke jikinsu da ɗan abin nan mai jar wuta, na'ura ta yi ƙara, kuɗi su fito a allo. Abin da ba a gaya wa mutane shi ne kashiya ta san cikin gidan kowa. Na san ma'aikacin da ke shiga da babbar riga ya fita da taliya ƙwaya ɗaya. Na san Hajiyar da ke sayen man bilicin tana cewa aike ne. Ba na faɗa, amma ina ajiyewa, kuma ban taɓa cewa ni mutuniyar kirki ce ba.

A shekarata ta uku mai kantin ya dawo daga Umara da sabon salo. Ya ga wata na'ura a can wadda mai saye ke haska kayansa da kansa, ya sa kati ya biya, ya wuce ba ruwansa da kowa. Ya rantse sai ya kafa irinta, aka kafa ta a lungu kusa da firji. Mutanen Kankia suka zo kallo sati guda, suka watse. Wa zai sayi abu wurin wanda ba ya amsa sallama, ba ya ragi, ba ya tambayar mutanen gida? Matan Fulani masu tallar nono ko kallonta ba sa yi, kuɗinsu a ƙulle yake a bakin zane. Ni aka ɗora wa kula da ita. Aka sa mini ƙaramin allo a gefen teburina da ke nuna duk abin da aka haska a can, da maɓallin da zan danna in tsayar da ita in na ga rashin gaskiya.

Mutum ɗaya ne ya riƙe ta da gaske. Wani dattijo ne, tsohon hedimasta daga Ƙofa, can ƙasar Kusada, wanda tun da ya yi ritaya shi ke jan salla a masallacin unguwarsu. Duk Talata zai zo bayan azahar, lokacin da kanti ba kowa, ya ɗauki kwando ya shige ciki, ya fito ya nufi lungun firji. Ranar farko na leƙa allona don in ga ko tsohon zai iya. Sukari, ganyen shayi, sabulu, sai ƙunzugun manya, ƙunshi biyu. Ya tura su can ƙasan baƙar leda, ya ɗora sukari a sama.

Na gane shi tun kafin ya juyo. Ni ma 'yar Ƙofa ce, kuma a makarantarsa na yi firamare. Ina aji uku ya shigo yi mana lissafi, fitsari ya matse ni, na ɗaga hannu sau uku ya ce in zauna. Na zauna har abin ya kuɓuce mini. Ya tsayar da ni gaban aji da jiƙaƙƙen wando, ya sa yara su yi mini tafi. Sunan da suka laƙa mini ranar nan ya bi ni har sakandare, har wanda ya fara zuwa zance gidanmu sai da ya ji shi. Shekara ashirin ina ɗauke da wannan tafin a kunnena.

To ga Malam a hannuna. Na san abin da ya sa yake baro Kusada da kantunanta ya zo har Kankia, ya kuma zaɓi na'urar da ba ta da baki. A wurinmu mai lalurar fitsari ba a son ya ja lafiyayyu salla. In maganar ta isa Ƙofa, limancinsa ya ƙare, kuma shi ne kaɗai abin da ya rage masa tun da makaranta ta sallame shi.

Ban yi gaggawa ba. Talata uku ina kallon allo ina jiran shaidu. A ta huɗu Allah ya kawo wani direban motar haya ɗan Ƙofa, mutumin da in ya ji magana da safe, kafin la'asar an ji ta a tasha uku. Ya shigo shan lemo mai sanyi, ga wasu ma'aikatan sakatariya biyu a layina. Malam na lungu, ya juya musu baya. Ina ganin ƙunshin farko ya fito a allo na danna maɓallin.

Na'urar ta kunna jar fitila ta kama kuka. Na taso a hankali.

"Malam, ta tsaya. Kawo kayan in duba."

"Bar shi, ɗiyata," ya ce da ƙaramar murya, ya dafe bakin ledar. "In ta ƙi, sai in dawo wani lokaci."

"A'a Malam, doka ce. Sai na gani."

Babu wata doka. Na zare ledar daga hannunsa, na kawar da sukarin, na ɗaga ƙunshin sama yadda hoton da ke jiki zai kalli mutane. Na ƙwala wa abokiyar aikina kira daga wancan tebur, ko da yake farashin na gabana.

"Duba mini kuɗin ƙunzugun manya, babbar lamba! Na Malam hedimasta!" Sannan na juyo gare shi da ladabi. "Wannan lambar tana yi maka, Malam, ko tana zuba? Akwai mai kauri."

Kowa a kantin ya juyo. Direban ya sauke kwalba daga bakinsa.

"Subhanallahi. Malam, kai ne? Wanga abu na wa ne haka?"

Malam ya dube shi. Can ya ce, "Ni ka amfani da shi. Lalura ce ta same ni. Allah shi sa kaffara ce."

Ban ƙoshi ba. Na matso na ce, "Ba ka gane ni ba, Malam? Aji uku, bakin taga. Wadda ka sa anka yi wa tafi."

Ya ƙura mini ido da gaske, yana nema. "Ɗiyar wa ce ke?" ya ce. Bai tuna ba. Abin da ya cinye mini ƙuruciya, shi ko alamarsa babu a kansa, kuma wannan ya ƙara mini haushi a kan na da. Na buga masa kuɗin kayan a teburina, na miƙa masa ba tare da na ɗaure ledar ba.

Ba a yi sati ba dattawan unguwa suka same shi. Bai yi musu ba ko kaɗan. Aka ba wani limancin, shi ya koma sahun baya daf da ƙofa. Na ji har da masu tambayar malamai ko sai sun rama sallolin da suka bi shi. Na ji yara na toshe hanci in ya wuce. Zan faɗi gaskiya: na ji daɗi. Na ci abinci da kyau a satin nan. Shi kuwa bai sake zuwa kantinmu ba, an ce har Katsina yake tafiya.

Wata bakwai bayan haka matarsa ta rasu. Kowa ya san ta daɗe kwance da shanyewar ɓarin jiki. Mace ce da aka sani da tsafta da jin kai, ita ke yi wa amaren Ƙofa gyaran jiki a zamaninta, kuma ko tana kwance ɗakinta ƙamshin turaren wuta yake. Na je gida a ranar, na tarar da gwaggona ta dawo daga gidan rasuwar, don tana cikin waɗanda suka yi wa gawar wanka. Ina taya ta tsinke zogale, bakina ya ja ni na ba ta labarin kanti ina dariya, ina kwaikwayon muryarsa.

Gwaggo ta ajiye tiren.

"Mai wankan gawa ba ta hwaɗin abin da ta gani," ta ce. "Amma ke sai na hwaɗa miki, ki ɗauka ki tahi da shi. Lahiyar Malam lau. Ita ce ba ta iya riƙe komi, shekara biyu. Ta sa shi ya yi mata alkawari ko ƙannenta ba za su sani ba. Ita da bakinta ta hwaɗa mini daren da za ta cika. Shi ka wanke ta, shi ka sauya mata, shi kaɗai. Mun juya ta ko ƙurji guda babu a bayanta."

Na ce, "To me ya hana shi faɗa, da aka cire shi?"

"Ke tahi ki tambaye shi," ta ce, ta ɗauki tirenta ta shige ɗaki.

Ranar uku na je gaisuwa, don ba yadda zan yi. Yana zaune a zaure a kan tabarma, ya rame. Na durƙusa daga nesa na yi masa ta'aziyya. Ya amsa, ya ɗan dube ni.

"Ke ce ta kanti?"

"Ni ce, Malam."

Na jira zagi, ko Allah ya isa. Da ya yi da na samu sauƙi.

"Kuna amsar kaya in an maido? Akwai ƙunshi biyu da ba a buɗe ba, irin naku ne. Wani na iya bukata."

Na ce muna karɓa, alhali ba a nan ya saye su ba.

Ba a mayar masa da limancin ba, don har yau bai gaya wa kowa ba, gwaggo ma ba ta sake faɗa ba. Talatar da ta biyo ya shigo bayan azahar. Bai kalli lungun firji ba. Ya zo teburina, gaban mutum biyar da ke layi, ya ajiye ƙunshin biyu a fili. Hannuna ya kai ga baƙar leda da sauri don in rufe su.

"Bar su haka, ɗiyata," ya ce. "Wadda ake ɓoyewa dominta ta tahi."