Tandun Kwallin Iya

Da safen nan jikata tana bincike a kwallata, sai na ji ɗan ƙaras-ƙaras na tsinke a bakin tandu. Ƙarar nan ta mayar da ni Gazara, shekarun da aka samu 'yancin kai.

Iya, kakarmu, takan sayo dutsen kwalli ran kasuwar Maƙarfi, ta niƙa shi a tsakar gida har ya yi laushi yana ƙyalli. In ta idar da sallar walha sai ta kwantar da kaina a cinyarta, zanenta na ƙamshin hayaƙi da man shanu, ta ce, "Buɗe idon, ƙawata, ki ga duniya da kyau." Har yau ina jin sanyin tsinken nan. Jarirai ma ba ta ƙyale su ba.

Sai da na haifi na fari wata malamar asibiti ta gaya mini akwai dalma a dutsen, tana taruwa a jinin yaro, ta taɓa ƙwaƙwalwa. Na tuna ƙanena da bai yi magana da wuri ba. Iya ba ta sani ba, ƙauna ce ta sa. Allah Ya haskaka kabarinta, Ya yafe mana abin da ba mu sani ba.

Na karɓi tandun daga hannun jikata, na ba ta labarin Iya, na ce mata wannan ba a sa wa yara. Ta hau cinyata, ta kwantar da kai.

"To Hajiya, ki wanke tsinken ki sa mini haka nan. Ni ma ina so in ga duniyar."