Sallamar da Sifika Ta Haɗiye

Shekara talatin da ɗoriya Malam Nu'uman ya yi yana dillancin shanu a kasuwar Kara ta Wudil, kuma duk wanda ya san shi ya san halinsa guda: in ka zo ba ka yi sallama ba, ko bijimi goma ka koro, kallon ka kawai zai yi. Mutane na cewa tsauri ne. Ni dai ina ganin har da jin kai a ciki.

Da girma ya zo kunnensa ya yi nauyi, ya bar kasuwa ya koma zaman zaure. Ɗansa Ya'u, wanda ke tuƙin tirela a kudu, ya aiko masa da wata sifika ƙarama mai kamar gwangwanin madara, irin wadda ake haɗawa da waya ba tare da igiya ba. Matarsa Mas'uda ce mai riƙe da wayar. In Ya'u ya turo saƙon murya sai ta danna, sifikar ta faɗa da ƙarfi Malam ya ji.

Ashe sifikar tana da nata hali. In ta yi minti goma shiru sai ta yi barci don kada batir ya ƙare, ɗan jan haske kawai ke nuna tana da rai. In sauti ya zo takan farka, amma kafin ta gama miƙa ta haɗiye daƙiƙa uku na farko. Ba wanda ya san haka a gidan.

Saƙon farko da Malam ya ji ya fara ne da "ya jiki, ya gida?" Ya ɗaga kai.

"Haka ya fara?"

"Haka na ji, Malam," in ji Mas'uda.

Na biyu ma haka, na uku ma haka. Malam ya ce yaro ya je kudu ya yar da tarbiyya, kuma shi ba ya amsa wa wanda bai yi sallama ba. Saƙo ɗaya bai taɓa yarda a maimaita ba. Mas'uda ta kira Ya'u a ɓoye, ya rantse yana yin sallama. Ta so ta gaskata shi, amma ita ma da kunnenta ba ta taɓa ji ba. Wata bakwai ana haka, saƙonnin suka yi ta gajarta, daga baya suka daina zuwa. Malam dai kullum yakan tambaya ko an yi wa sifikar caji.

Wata Juma'a da hantsi yana sauraron tafsiri a sifikar, Mas'uda ta zo rage sauti, yatsanta ya taɓa tsohon saƙon Ya'u. Sifikar kuwa idonta biyu.

"Assalamu alaikum, Baba. Ya jiki, ya gida?"

Malam ya gyara zama. Ya sa ta kunna wani nan take, sallama ta fito. Ya sa aka jira har jan hasken ya dawo, aka kunna, babu sallama. Tsohon dillali ne, ba sai an yi masa bayani sau biyu ba.

Saƙo arba'in da ɗaya ne. Ya ce a jero su tun daga farko, kowanne yana amsawa a fili, "Wa alaikumus salam," har muryarsa ta dushe. Mas'uda ta juya baya tana goge ido da mayafi, don ba ta taɓa ganin kunya ta kama shi haka ba.

Sannan ya ce ta danna masa wurin magana. Ta danna, ta miƙa wayar kusa da bakinsa. Sai ya yi gyaran murya, ya ƙara yi, ya ƙara.

"Malam, tana ɗauka fa."

"Na sani. Wataƙila ta Ya'u ma tana barci."

Ya ƙirga uku a yatsunsa, sannan ya yi wa ɗansa sallama har sau biyu.