Na Ɗora Sunan Mahaifina A Kan Shanun Da Bai Gani Ba

Edita, ina yi maka sallama tare da masu karatu. Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa kafin na iya rubuto wannan, domin laifin da ke ciki nawa ne.

Lokacin da abin ya faru shekarata ashirin da bakwai. Na gama jami'a da hidimar ƙasa, na dawo gidanmu a Daura babu aikin yi. Tun ina yaro ni mai gaggawa ne, ko koko ban taɓa jira ya huce ba. Mahaifina dillalin shanu ne a kara, wato kasuwar dabbobi, ya haura shekara talatin a sana'ar. Ga wanda bai sani ba, a kara ba a sayen dabba a hannun baƙon ido. Dillali ne yake tsayawa, ya ce ya san mai ita, ya san garinsu, ya san garken da ta fito. In daga baya ta zama ta sata, shi za a riƙe. Baba bai tara gidaje ba, abin da ya tara ke nan: fatake daga kudu sukan kira shi a waya su ce ya zaɓa musu, su biya ba tare da sun ga ko ƙahon dabbar ba.

Ni kuwa wahalar kawai nake gani. Sai tunani ya zo mini na manhajar waya, wadda mai shanu zai saka hoto da farashi, mai saye ya gani daga inda yake. Tunanin ya hana ni sukuni, ina cin abinci ina zane a takarda. Matsalar ita ce ban iya haɗa manhaja ba ko kaɗan. Dole in sami wanda ya san aikin mu kafa kamfanin tare, rabi nawa rabi nasa, ni kasuwa shi kwamfuta.

Mutum biyu na samu. Na farko malamin kwamfuta ne a wata makarantar sakandare a Sandamu, ɗan manoma, mai sanyin magana, kwamfutarsa ma da salatif aka ɗaure murfinta. Na yi masa bayani ina haki, ya bar ni na gama, sannan ya tambaye ni wa zai tsaya wa dabbar da aka saka a ciki. Ya ce shi ba zai rubuta komai ba sai ya yi wata uku yana zuwa kara duk ranar kasuwa, yana zama kusa da Baba. Wata uku! Na fito ina tsaki, na ce a raina wannan ko kaji ba zai sayar ba. Na biyun a Kano na gamu da shi, a wani taron matasa masu kafa kamfanoni. Turanci a bakinsa kamar ruwan famfo, kuma a cikin kwana shida ya turo mini samfurin manhajar, tana buɗewa tana rufewa a tafin hannuna. Ban tambaye shi ko ya taɓa shiga kara ba. A ranar na ce masa mun zama ɗaya.

Na san babu wanda zai sayi bijimi a waya saboda ni. Don haka na je na durƙusa gaban Baba, na roƙi ya ba mu aron sunansa da hotonsa, a riƙa ɗora su a kan duk dabbar da aka tantance. Ya tambaye ni ɗan wane gida ne abokin nawa, ko na taɓa yin tafiya da shi, ko mun taɓa saɓawa na ga yadda yake fushi. Na ce Baba, yanzu zamani ya wuce nan. Ya yi dariya, ya ce shi ya fi daɗewa yana duba haƙoran bijimi fiye da yadda na duba mutumin. Amma ya yarda, da sharaɗi ɗaya: ba za a sa sunansa a kan dabbar da bai gani da idonsa ba, bai kuma san mai ita ba. Na yi masa alkawari.

Wata biyu muka yi a haka, kuma ciniki yana tafiya, sai dai a hankali. Baba tsoho ne, ranar kasuwa ɗaya ce a mako, sauran kwanakin a bayan babur ɗina yake zaga ƙauyuka. Hotuna suka taru suna jira. Ga babbar Sallah ta matso, ga kuma wasu masu zuba jari da za mu gana da su a Kano. Abokina ya riƙa kirana yana cewa tsohon nan ne yake riƙe mana ƙafa, kuma ai manufar manhaja ita ce a cire ɗan tsakiya, wato dillali. Ya ce zai iya gyara ta yadda duk wanda ya saka lambar waya da hoton dabba, sunan Baba zai hau da kansa. A nan ne nake so masu karatu su gane ni da kyau. Shi bai san abin da sunan yake nufi ba, a wurinsa ado ne a jikin shafi. Ni na sani, a cikinsa aka haife ni, da shi aka biya mini makaranta. Na ce ya yi, na mako biyu kawai. Ban faɗa wa Baba ba.

A cikin mako na biyu wani ya saka jajayen bijimai biyu, ya ce daga wajen Kongolam yake. Wani bafatake da ya yi shekara ashirin yana ciniki da Baba ya ga sunan, ya saya nan take. Ranar kasuwa ana shirin loda su a tirela sai ga wani dattijo makiyayi daga yankin Dutsi, wanda ya yi wata guda yana bin kasuwanni yana neman shanunsa da aka kora. Ya tsaya daga nesa ya yi musu irin kiran da yake yi a daji, sai duka biyun suka juyo suna kuka, suna jan igiya. Aka duba tsagar kunnensu, tasa ce. Wanda ya sayar ya riga ya ɓace, layinsa a kashe. Wakilin bafataken ya ɗaga waya sama yana nuna wa jama'a fuskar mahaifina.

Aka kira Baba rumfar shugaban dillalai, mutane sun kewaye, ni ina tsaye a baya. Aka tambaye shi ko ya ga shanun nan kafin yau. Ya ce bai gan su ba. Aka ce to yaya aka yi sunansa ya hau kansu. Bai ko waiwayo inda nake ba, sannan ya ce shi ya ba da aron sunansa bai bi ya ga inda ake ajiye shi ba, don haka laifin nasa ne. Ina da baki a wurin. Ban buɗe shi ba, kuma har yau wannan shirun yana cina.

Magana ta kai kotun shari'a. Abokina ya kira ya ba ni haƙuri, ya ce kowane sabon kamfani yana kuskure ya gyara, kuma da gaske bai gane dalilin tashin hankalina ba. Kafin wata ya zagayo ya koma wani aikin. Malamin nan na Sandamu da na raina, shi na je na samu da kunya. Bai goranta mini ba. Ya zauna ya tono bayanan manhajar, ya nuna wa alƙali cewa sunan da kansa yake hawa, a nan kuma na tashi na faɗi gaskiya. Kotu ta wanke Baba daga sata, 'yan'uwa suka taru aka sallami bafataken. Amma a kara an riga an ji dillali ya ce bai ga abin da sunansa yake kai ba. Babu wanda ya kore shi. Kiran ne kawai ya daina zuwa.

Na nemi gafararsa ina kuka, ya ce tun a rumfar ya yafe. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Na gwada aiki a Katsina, na gwada a Kano, ko'ina ba na iya zama, ina dawowa.

Abin da na koya shi ne, iya aiki daban, sanin abin da aikin zai taɓa daban. Matasa 'yan'uwana masu neman wanda za su kafa kamfani da shi, kada saurin hannunsa ya ruɗe ku. Ku kai shi inda sana'ar take, ku bar shi ya sha ranar wurin, ku saurari irin tambayar da zai yi. In ya tambayi wa zai ɗauki laifi idan abu ya ɓaci, ku riƙe shi ko da zai ja ku wata uku. Kuma abin da kuka aro a hannun iyayenku, ku sani ba naku ba ne da za ku gwada sa'a da shi. Shekara huɗu ke nan, duk ranar kasuwa Baba yana wanka da sassafe, ya sa malafarsa, ya zauna a zaure, ya ajiye waya a kan tabarma kusa da gwiwarsa. Jiya da na fita siyo katin waya na kira shi daga bakin titi don in tambaye shi ko yana son wani abu. Ƙara ɗaya ta yi ya ɗauka, da muryar nan tasa ta ciniki, kafin ya gane ni ne.