Ruwan da Ke Zuba a Gefen Jirgi

Ƙanen maiɗakina haifaffen Jidda ne, yana sayar da yadudduka a kasuwar Bab Makka. A shekarar da na ajiye aiki, Allah ya nufe shi da sayen jirgin ruwa na shaƙatawa, tsoho, mai ɗakuna biyu da ɗan wurin girki, ɗaure a bakin tekun Abhur. Bai iya iyo ba, kuma igiyar ruwa kaɗan tana sa shi amai, amma maƙwabtansa na kasuwa suna fita teku, wannan kuwa hujja ce da ba a jayayya da ita.

Ni na ƙare ƙarfina ina kula da injunan dizal a wani kamfani a Madinar Masana'antu, unguwar kamfanonin Jidda. Kafin nan, a gida Najeriya, na yi makarantar sana'a ta mishan, inda ba a barin mutum ya taɓa sifana sai ya iya share ɗaki har kusurwa. Da na bar aiki, 'ya'yana suka sayo kujera mai laushi, suka girke ta a gaban talabijin, suka ce in huta. Na fahimci karamcin. Irin wannan kujera ba a tashi daga kanta sai dai a ɗauke mutum. Saboda haka, da ƙanen nawa ya miƙo mini makullin ɗakin injin jirginsa ya ce in kula da shi, na karɓa da hannu biyu, ko da yake na bar shi ya ɗauka alfarma nake yi masa.

Janaretan da muka tarar a ciki tsatsa ce kawai ke riƙe da shi, dole a sayi wani. A nan muka saɓa.

"Yaya, babba nake so," in ji shi. "Wanda in ya tashi, na jirgin kusa zai san mun iso."

Na yi masa bayani a tsanake. Injin dizal yana son aiki. Idan ka sayi ƙato ka ɗora masa na'urar sanyaya ɗaki biyu da firji da tukunyar shayi, zai zauna yana wasa, ya tara baƙin toka a cikinsa, ya lalace da zaman banza, kamar wasu mutanen da na sani. Na zaɓi madaidaici, mai juyawa a hankali, wanda ake samun kayan gyaransa a cikin Jidda, wanda kuma hannu ke kai wa ga rariyar mansa ba sai tsoho ya kwanta a ƙasa ba.

Ya zagaya shi, ya dube shi kamar an kawo masa yadin da ya koɗe. "Wannan ai na mai shayi ne. To, na ji. Amma wallahi in ya mutu mana a teku sau ɗaya, halas, magana ta ƙare, ka ba ni makullina, in sa wanda raina yake so, in samo mai kula da shi."

Na amince. Kujerar tana jirana a gida, shi ma ya san da ita.

Daga nan babu fitar da muka yi ban duba baƙin mai ba, ban tsiyaye ruwan da ke kwanciya a ƙasan dizal ba, ban wanke rariyar da ke tare ciyawar teku ba. Abu na ƙarshe da nake yi kullum shi ne in leƙa gefen jirgi. Irin wannan inji da ruwan teku yake huce zafinsa: yana zuƙo shi ta wani bututu a ƙasan jirgi, wata 'yar farfelar roba ta tura shi ya zagaya, sannan ya fita ta gefe tare da hayaƙi. Muddin ruwan yana zuba, inji yana lafiya. A bakin bututun akwai makunni mai hannu, wanda 'yan Jidda ke kira mahbas. Shi kaɗai ne ba ya cikin ɗakin da nake kullewa; yana ƙarƙashin wani allon daɓen jirgin, kusa da banɗaki.

Wata Asabar da za mu fita teku da iyali, ƙanen nawa ya gayyato surukinsa, mahaifin matarsa. Dattijo ne da kakanninsa suka zo aikin hajji a ƙafa suka zauna. Ya tsufa yana gadin wani dogon bene a unguwar Bani Malik, a zamanin da ruwan famfo ke zuwa ya ɗauke, mutane su yi layi suna jiran tankar ruwa. Babu makunnin ruwa a wannan bene da bai san halinsa ba, kuma ɗigo ɗaya a kan titi yana iya hana shi cin abinci. Ƙanen nawa, wanda ke iya cika kasuwa da murya shi kaɗai, a gaban wannan dattijo ba ya ɗaga kai, ba ya ambaton sunansa, ba ya ko tauna abinci.

Mun yi sallar azahar, mata suka fito da shinkafa da kifi, muka zauna. Ban kai loma ta uku ba sai janareta ya yi tari, ya yi shiru. Sanyin ɗaki ya ɗauke. Zafin Bahar Maliya, wanda dama a bakin ƙofa yake tsaye, ya shigo ba sallama.

Ƙanen nawa ya dube ni da irin tausayin da ake shiryawa tun da daɗewa. "Ma'alesh, sai haƙuri, Yaya," ya ce a hankali, ya buɗe tafin hannunsa a kan gwiwa.

Na sauka. Ƙaurin ƙonanniyar roba ya tarye ni: farfelar ta juya babu ruwa har ta narke, injin kuwa ya kashe kansa kafin zafi ya yi masa illa, kamar yadda aka ƙera shi ya yi. Na ɗaga allon daɓen. Mahbas a rufe yake ruf, an kuma ɗaure hannunsa da tsumma, ƙulli mai kyau, don kada ya motsa. Aiki ne na wanda ya san aikinsa. Da a makarantarmu ne, da an ba shi yabo.

Na hau sama da makulli a hannuna. Kafin in buɗe baki, dattijon ya share hannunsa, ya gyara murya.

"Malam, ina da magana, kada ka ji haushi. Da na je alwala na ga ruwa yana ta kwarara daga gefen jirgin nan, tun safe, babu mai ko kallo. Haram ne wannan. Na bi bututun har na samo mahbas ɗin, na rufe muku. Yaran yanzu ba su san wahalar ruwa ba, amma kai ai babba ne."

Muna zaune a tsakiyar teku, ruwa ya kewaye mu har iyakar gani. Babu wanda ya ga ya dace ya ambaci wannan.

Ƙanen nawa ya ji bayanina sau da yawa, ya san abin da ya faru sarai. Ya sunkuyar da kai har haɓarsa ta taɓa ƙirji, ya ce, "Allah ya saka da alheri, Baba."

"Amin. Ka dai riƙa lura."

Na miƙa makullin. "Alhaji, ga amanarka. Sharaɗi sharaɗi ne. Sai dai kafin in sauka daga aiki, wajibi ne in bayyana wa jama'a abin da ya kashe injin, dalla-dalla, tun daga farko. Haka aka koya mana."

Ya dubi makullin, ya saci kallon surukinsa, gumi yana bin wuyan jallabiyarsa. Ya tura hannuna baya.

"Riƙe, Yaya, don Allah riƙe. Wa ya yi maganar makulli? Inji ne ƙarami, ya gaji, shi ke nan. Dama na faɗa. Ko ba haka ba?"

Kowa yana jiran amsata, har matan da ke bakin ƙofa. A rayuwata ban taɓa yi wa inji ƙazafi ba. Na dubi dattijon yana murmushin wanda ya ceci al'umma, na tuna kujerar, na ce, "Ya gaji."

Na sauka na sa sabuwar farfela, don ba na fita babu wata a aljihu, na kwance tsumman, na buɗe mahbas. Kafin in tayar da injin, ƙanen nawa ya lallaɓa surukinsa ya mayar da shi ɗaya gefen jirgin, wai can ne inuwa. Babu inuwa a can. Tun daga ranar, duk fitar da za a yi da shi, can ake shimfiɗa masa darduma, ƙanen nawa kuma ya zauna a tsakaninsa da banɗaki da buta a hannu, yana ladabi.

A Bab Makka an riga an san labarin: tsohon nan mai tsanani ya zaɓi janareta mai raki, ƙanensa ne ya rufa masa asiri. Dattijon kuwa, duk inda muka haɗu, sai ya tambaye ni ko an toshe yoyon nan. Ina ce masa ana lura da shi kullum, wanda gaskiya ne. Makullin yana aljihuna. Kujerar kuma maiɗakina ta gano tana da amfani wajen tara wankakkun kaya.