Azumin Raliya da Ludayin Dada Hilda

Ciwo ɗaya Dada Hilda ta yarda da shi a duniya, yunwa, kuma maganinsa na hannunta. 'Yar Numan ce, aure ya kawo ta Jimeta. Mijin, Nicodemus direba, ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku da tukwane. Shekarar da mutanen Mubi da Michika suka gudo Yola, ita ta riƙe murhu a harabar cocinsu wata biyar, ta ga dattawa suna kankare ƙanzo da farce. Tun daga nan, in ka bar loma a kwano a gabanta, to ka nemi inda za ka ɓoye kunnuwanka.

Daga baya ta samu aikin girki a wata makarantar kwana ta 'yan mata a Girei. Yabonta ɗaya ne ga kowace yarinya: "Kin yi ƙiba!" Da shi ta tari Raliya, 'yar unguwar Makama, 'yar aji biyar, ranar dawowa daga hutu, a gaban layin abinci, har da mintsinin kumatu. Layi ya kwashe da dariya. Kafin mako ya zagayo ana kiran yarinya Buhun Masara. Dada ba ta ji ba, don kunnenta ƙonewar tuwo kawai yake ji.

Sai Raliya ta kama azumi. Litinin da Alhamis, sannan ramuwa, sannan wani wanda ko liman bai san sunansa ba. Malamai suka ce masha Allah. Dada kuwa Kirista ce mai kiyaye iyaka, ba ta sa baki a ibadar wani. Sai ma ta riƙa ajiye mata kunun gyaɗa mai kauri na buɗa baki. Kofi na dawowa a wanke, baiwar Allah na ta murna.

Rannan Sista Zipporah, nas ɗin makarantar, ta dawo daga wani taro a Jimeta da 'yar takarda. Ta tara masu girki a gindin mangwaro tana fassara musu: wai akwai ciwon damuwa da ke sa ɗaliba ta ji tsoron abinci, har ya kai ta ga halaka.

"Ciwon ƙin abinci? A Adamawa?" in ji Dada. "Sista, wannan na 'ya'yan masu firiji biyu ne. Kawo min ita, ludayi uku ta warke."

"Dada, ludayin naki ne abu na farko da takardar ta hana."

Masu girki suka fashe da dariya. Sista ta ci gaba. Kada a tilasta. Kada a ambaci ƙiba ko rama, ko da yabo ne. A keɓe da yarinya, ba lokacin cin abinci ba, a faɗi abin da aka gani, a saurara, sannan a kai ta ga likita. Da ta zo kan alamomi, jiri da jin sanyi da yawan uzuri, sai Dada ta daina dariya. Watan Maris ake ciki, zafin Yola na narka kwalta, amma Raliya da rigar sanyi take yawo. Da safe Dada ta leƙa bayan kicin. Tururuwa sun yi kasuwa a inda Raliya ke zubar da kunun buɗa bakin.

Da la'asar ta kira yarinyar ta taya ta tsince wake. Ba kwano, ba kofi. Hannun tsohuwa har ƙaiƙayi yake yi.

"Raliya 'yata, ban san azuminku ba, ba kuma zan koya miki ba. Amma na ga kunun a ƙasa. Na ga kin dafa bango jiya. Tsoro nake ji."

"Lafiyata ƙalau, Dada."

Amsoshi goma suka taso wa Dada, duk masu kaifi. Ta haɗiye su. A tarihin Girei ba a taɓa ganin ta yi shiru mai tsawon haka ba. Wake kawai ke faɗawa cikin tire.

Can sai yarinya ta ce, "In na ci, sai in ji duk layi na kallona." Ta faɗi sunan da aka laƙaba mata, da ranar da abin ya fara.

"Ashe bakina ne," in ji Dada. "Ki yafe min. Ba zan ɗura miki komai ba. Amma wannan ya fi ƙarfin kicin. Mu je wurin Sista, ni zan raka ki."

"Za a gaya wa Bappa?"

"Za a gaya masa, ina zaune kusa da ke. In ya ɗaga murya, tawa ta fi tasa."

Raliya ta yi 'yar dariya, ta share ido, ta miƙe.

Bappan, wato mahaifinta, Malam Nu'uman, ya zo washegari. Bai ɗaga murya ba, tagumi ya yi. Shi da kansa ya ce a dakata da azumin nafila, tunda addini bai ce a kashe kai ba. Yanzu duk Laraba ana kai Raliya asibiti a Yola, ta ga likita da mai ba da shawara. Ba ta warke ba tukuna. Wata rana ta ci rabin kwano, wata rana cokali huɗu. A bayan kicin take ci, Dada na gefe ta juya mata baya, tana ba ta labarin wata akuyar maƙwabta da ta cinye mata zanen zuwa coci.