Man Gyaɗar da Na Ɗura wa Kwamfaresa

A shekarun ƙarshe na mulkin Faransa ni direba ne a Magariya, ban kai shekara talatin ba, kuma ina ji da kaina ba kaɗan ba. Wani Bature mai sayen gyaɗa nake tuƙawa. Ya sayo wata doguwar mota daga Kano mai na'urar sanyi, abin da ba mu taɓa gani ba a ƙasarmu. In na tsaya a kasuwa mutane sukan roƙe ni in buɗe ƙofa su sa hannu su ji, ni kuwa sai na ga dama. Abin da ke kawo sanyin wani dunƙulen ƙarfe ne a gefen inji, ana ce masa kwamfaresa, bel ke juya shi. Mai kula da motocin maigida wani dattijo ne, tsohon soja, a aikin soja ya koyo kanikanci. Ya sha gaya mini cewa aikina sitiyari ne, in na ji wani kuka da ban gane ba in zo in faɗa masa. Nakan ce masa to Baba, a raina kuwa ina cewa tsohon nan dai yana son a san da shi.

Wata safiya a tsakiyar bazara za mu Dungas, na tada mota sai na ji ƙara daga wajen kwamfaresa, ƙiii, kamar amalanken da ya bushe. A gidanmu duk abin da ya yi irin wannan kuka, ƙyaure ne ko keken ɗinki, man gyaɗa ake ɗiga masa ya yi shiru. Na zagaya wurin wata mai ƙuli-ƙuli a bayan gareji na karɓo rabin kwalba. Ina kwance wani noti a jikin kwamfaresa sai wata iska mai sanyi ta yi huci ta fice, har yatsuna suka ƙage. Ban san ita ce ran abin ba. Na ɗura mai, na ɗaure, na goge hannuna ina jin ni ma na zama gwani.

Ba mu yi rabin hanya ba sanyi ya ɗauke. Dab da Dungas kwamfaresa ya cije, bel ya tsinke, hayaƙi ya tashi. Maigida ya fito jiƙe da gumi, fuska ja wur, ya tambaye ni wa ya taɓa injin. Na ce ban sani ba, amma dai makon jiya dattijo ya duba motar. Wallahi har yau in na tuna wannan amma dai ɗin sai kunya ta rufe ni. Da muka dawo maigida ya zage dattijo tas a gaban leburori, ya ce ƙarshen wata ya tattara nasa ya nasa. Mutumin da baki fiye da goma ke ci a hannunsa.

Washegari dattijo ya sauke kwamfaresa, ya kira ni in riƙe masa. Yana buɗewa gareji ya gauraye da ƙamshi kamar ana suyar ƙosai. Ya dangwala da yatsa, ya shinshina, ya sa a harshe, ya dube ni ya ce wanda ya zuba man nan ya san mai kyau, gyaɗar bana ce, yaji kawai ya rage. Sa'annan ya nuna mini guntun bel ɗin, ya ce shi ne ya saki yake kuka, juyin noti biyu ya ishe shi. Kwana uku ina jiran ya kai ni gaba. Rana ta uku na same shi yana goge sifanoninsa yana naɗe su a tsohon bargonsa na soja. Na kasa daurewa, na tambaye shi me ya hana shi faɗa. Ya ce ai ya san matata na da tsohon ciki, shi kuwa yana da gonar gado a Mallawa, ba zai kwana da yunwa ba. Nan na durƙusa ina hawaye, babba da ni.

Da ƙafata na je na gaya wa maigida gaskiya. Ya yi ta faɗa da Faransanci har muryarsa ta dishe, ya karɓe makulli ya ce in ɓace masa da gani. Dattijon da na so in tona wa rami shi ya biyo ni ofis, ya roƙa a bar masa ni a gareji, maigida ya yarda, ya kuma fasa korarsa. Da sabon kwamfaresa ya iso daga Kano bayan makonni, dattijo ya zauna a kan kujera ya ce da hannuna zan ɗaura shi. Ya koya mini cewa abin nan yana da mansa na musamman, ba ya shan wani, ba a buɗe shi da iska a ciki, kuma bel da babban yatsa ake danna shi a ji ko ya saki. Leburori suka laƙaba mini Mai Ƙosai, sunan ya bi ni har tsufa, ban kuwa taɓa jin haushinsa ba. Da wannan sana'a na ci da iyalina shekara da shekaru.

Shi ya sa nake rubuto muku, ko wani matashi zai karanta. Abin da ba ka sani ba ka tambaya, domin tambaya ba ta rage wa kowa tsawo. In kuma ka riga ka ɓata, ka faɗa da bakinka tun da wuri, kada ka jingina wa wanda bai ji ba bai gani ba, ba kowa ne zai dace da irin dattijon da na dace da shi ba. Ya daɗe da rasuwa, Allah ya kai haske kabarinsa. Har yau in na bi ta wurin masu suya ƙamshin mai ya buge ni, sai na tsaya na karanta masa Fatiha kafin in wuce.